MOTSIN ƊA A CIKIN UWARSA: DARASI GA MASU JUNA BIYU DA MAZAJENSU

GABATARWA

An shirya wannan darasi domin mata masu juna biyu, musamman waɗanda cikinsu ya shiga wata na bakwai, da kuma mazajensu, da iyayensu, da surukansu, da ungozomomin gargajiya. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba. Mun ɗauki misalanmu daga Minna, babban birnin Jihar Neja, amma abin da za a faɗa ya shafi kowace mace a ƙasar nan, ko tana birni ko tana ƙauye.

Abu guda muke so mai karatu ya riƙe. Kowane ɗa yana da al'adarsa ta motsi a cikin uwarsa, kuma lafiyayyen ɗa ba ya barin motsi har ranar da za a haife shi. Idan uwa ta ji motsin ya ragu, ko ya sake, ko ya tsaya, lalle ne ta je asibiti a wannan rana, kada ta bari sai gobe. Macen da ta san wannan ta san lokacin da za ta kwantar da hankalinta, ta kuma san lokacin da za ta tashi tsaye.

GIRMAN AL'AMARIN

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da rahoto a shekarar 2020 a kan jariran da ake haifa ba rai bayan ciki ya kai mako 28. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2019 an haifi kimanin jarirai miliyan 2 a haka a duniya, watau ɗaya a kowace daƙiƙa 16. Fiye da dubu 170 daga cikinsu a Nijeriya ne. Ƙasashen Indiya da Pakistan ne kaɗai suka fi mu yawa. Fiye da 40 cikin 100 na waɗannan jarirai sun rasu ne a lokacin naƙuda, sauran kuwa sun rasu tun kafin naƙuda ta zo.

Wannan baƙin ciki ne da ba a cika maganarsa ba. Ba a yi suna ba, ba a yanka rago ba, akan ce wa mace ta yi haƙuri, a wuce wurin. Haƙuri kuwa wajibi ne. Amma likitoci sun tabbatar cewa da yawa daga cikin waɗannan rayuka ana iya cetonsu, in an lura da wuri. A wani binciken da likitocin Birtaniya suka dogara da shi, fiye da rabin matan da ɗa ya mutu a cikinsu sun ce sun ji motsi ya ragu tun kafin a tabbatar da mutuwar. Watau jiki ya ba da labari, sai dai ba a saurara ba, ko kuwa an saurara an yi jinkiri.

YADDA MOTSI YAKE FARAWA DA YADDA YAKE TAFIYA

Ma'aikatan asibiti da mako suke ƙidayar ciki, daga ranar farko ta hailar ƙarshe. Cikakken ciki mako 40 ne, watau kwana 280. Mako 20 shi ne rabin tafiya, mako 28 kuwa shi ne shiga wata na bakwai.

Mai cikin fari takan fara jin motsi tsakanin mako 18 da mako 20. Wadda ta saba haihuwa takan riga ta ji, wani lokaci tun daga mako 16, domin ta san abin da take saurare. Da fari motsin ba shi da ƙarfi, kamar iska ce ke yawo a ciki. Daga baya sai ya zama shuri, da naushi, da juyi, da miƙa. Macen da ta kai mako 24 ba ta taɓa jin motsi ba, sai ta faɗa wa ungozomar asibiti a duba ta.

Motsi yakan yi ta ƙaruwa har wajen mako 32. Daga nan sai ya daidaita, ya ci gaba a haka har zuwa naƙuda, har ma a cikin naƙudar. Abin da yake sakewa shi ne irin motsin. Da yake ɗa ya girma ya cika mahaifa, shuri mai tsalle yakan koma turi da murɗawa, uwa ta ga gwiwa ko diddige yana bi ta ƙarƙashin fatar cikinta. Yawan motsin kuwa da ƙarfinsa ba sa raguwa.

Ɗa yana barci a ciki kamar yadda zai yi a waje. Barcinsa yakan ɗauki minti 20 zuwa 40, kuma da wuya lafiyayyen ɗa ya wuce minti 90 yana barci bai motsa ba. Yawancin mata sun fi jin motsi da yamma da kuma farkon dare, sa'ad da suka gama aiki suka zauna. Mace tana tsaye tana daka, ko tana tuya a bakin kasuwa, ko tana koyarwa a aji, hankalinta yana wani wuri, ɗa zai motsa ba ta ankara ba. Haka nan idan mabiyiya ta zauna ta gaban mahaifa, takan tare motsin kamar matashi, musamman kafin mako 28.

DALILIN DA YA SA MOTSI YAKE DA MUHIMMANCI

Ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa, ba ya cin abinci da bakinsa. Abincinsa da iskar da ke raya shi, wadda ake kira oksijin, daga jinin uwa suke zuwa, su bi ta mabiyiya, su bi ta igiyar cibiya, su isa gare shi. Muddin wannan hanya tana aiki sosai, ɗa yana da ƙarfin motsi.

Idan hanyar ta fara gazawa, jikin ɗa yakan yi tattali. Sai ya tura ɗan jinin da ke akwai zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa hannuwa da ƙafafu, ya kwanta shiru. Haka babba ma yake yi in ba shi da lafiya. Wannan shirun kan zo da awoyi ko kwanaki kafin zuciyar ta tsaya. A cikin wannan ɗan tsakani ne likita yake da damar yin wani abu.

Abubuwan da suka fi raunana mabiyiya ko su cuci ɗa a ƙasarmu su ne zazzaɓin cizon sauro, da hawan jini na masu ciki, da ƙarancin jini, da ciwon sukari, da ciwon sikila, da tunjere, da ɓallewar mabiyiya daga jikin mahaifa kafin lokaci, da kuma cikin da ya zarce mako 41. Shan taba da giya da magungunan sa barci su ma suna rage motsi, suna kuma cutar da ɗa.

YADDA ZA KI SAN AL'ADAR ƊANKI

'Yar'uwa, Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ungozoma tana ganinki ne sau ɗaya a makonni biyu ko huɗu, ke kuwa kina tare da ɗanki dare da rana. Saboda haka daga mako 28 ki riƙa yin haka:

1. Ki zaɓi lokacin da kika san ya fi motsi, misali bayan cin abincin dare.
2. Ki kwanta a gefenki na hagu, ko ki kishingiɗa, ki ɗora hannu a ciki, ki ajiye wayar hannu da hira.
3. Ki lura da ƙarfin motsin, da yawansa, da inda yake fitowa. Shuri, da juyi, da turi duk motsi ne. Shaƙuwa, watau ɗan zillo mai maimaituwa a jere, ba a lissafa ta.
4. Bayan mako guda kina yin haka za ki san ɗanki kamar yadda kika san halin 'ya'yanki na waje. Kada ki gwada shi da na kishiya ko na maƙwabciya, ko da cikinki na baya. Da kansa za ki gwada shi, na yau da na jiya.

Wasu mata sun fi samun natsuwa da ƙidaya. Wadda take so, sai ta ɗebi tsakuwa goma ko ƙwayar gyaɗa goma ta zuba a kwano, duk motsi ɗaya ta mai da ɗaya cikin wani kwanon. A lokacin da ɗa yake a farke, galibi ba a kai rabin awa goman take cika.

Wannan ƙidaya tana da tarihi. A shekarar 1976 likitoci biyu, Pearson da Weaver, na birnin Kadif a Birtaniya, suka fito da tsarin ƙidaya zuwa goma, wanda asibitoci da yawa suka ɗauka. A shekarar 1989 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi da mata wajen dubu 68 a Birtaniya da wasu ƙasashe. Aka ga cewa raba wa kowace mace takardar ƙidaya, shi kaɗai, bai rage mutuwar jarirai ba. Don haka a shawarwarinta na shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗora wa kowace mace ƙidayar kullum ba. Abin da ta ƙarfafa shi ne mace ta san motsin ɗanta, ma'aikacin lafiya ya tambaye ta a kowane awo, in kuwa ta ce ya ragu a bincika. Tsakuwa a kwano taimako ce kurum. Abin da ke ceton rai shi ne zuwa da wuri, da kuma a duba mace da wuri in ta zo.

IDAN MOTSI YA RAGU

Idan kin tabbata motsi ya ragu sosai, ko ya yi rauni, ko ya tsaya, ki tashi zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ko ranar Asabar ko Lahadi.

Idan kuwa kokwanto kike yi, wataƙila aiki ne ya ɗauke miki hankali tun safe, to, ki bar abin da kike yi, ki kwanta a gefen hagu, ki saurara har awa biyu. In ba ki ji motsi goma ba a cikin awa biyun nan, ki tafi asibiti. In goman ta cika amma zuciyarki ba ta kwanta ba, domin motsin ba irin wanda kika saba ba ne, nan ma ki tafi. Haka kuma in ɗa ya yi wani irin motsi mai tsanani da ba ki taɓa ji ba, sa'an nan ya yi tsit.

Ga abubuwan da ba a so ki yi:

1. Kada ki ce bari gari ya waye, ko bari ranar awo ta zo.
2. Kada ki ɓata lokaci da shan ruwan sanyi ko kayan zaƙi wai don ki tashe shi. Ko ya ɗan motsa, wannan bai nuna lafiyarsa ba.
3. Kada ki sha jiƙo ko sassaƙe, kada ki sayi magani a kemis, kada kuma ki bari a murza miki ciki ko a girgiza shi.
4. Kada ki dogara da ɗan injin jin bugun zuciya da ake sayarwa a kasuwa. Wanda ba a koya wa aikin ba yana iya jin bugun jinin uwa ya zaci na ɗa ne. Kuma zuciya tana iya bugawa alhali ɗa yana cikin wahala.
5. In an duba ki an sallame ki, sai abin ya sāke faruwa, ki koma. Ko sau nawa ne ki koma. Maimaituwar raguwar motsi ita kanta alama ce da likita yake so ya sani.

MAGANGANUN DA AKE YI A GIDAJE

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma iyayenmu mata sun san abubuwa da yawa game da ciki da goyo. Amma akwai maganganu uku da suka jawo hasarar rayuka, ya kamata a gyara su.

Ta farko ita ce, "Wuri ne ya ƙure masa, haihuwa ta kusa, shi ya sa ya yi shiru." Mun riga mun bayyana cewa irin motsi ne yake sakewa, yawansa ba ya raguwa. Shirun ɗa ba alamar naƙuda ba ce.

Ta biyu ita ce maganar kwantacce, watau a ce ciki ya kwanta, zai tashi bayan watanni. Sa'ad da aka duba irin waɗannan mata a asibiti, abin da akan tarar shi ne ko an yi kuskuren lissafin watanni, ko haila ce ta ɗauke ba ciki, ko wani ƙari ne a mahaifa, ko kuwa ɗa ya riga ya mutu a ciki. Barin mataccen ɗa a ciki makonni yana iya lalata daskarewar jinin uwa, ta yi zubar jini mai tsanani a wajen haihuwa. Duk cikin da aka ce ya kwanta, a kai shi a yi masa hoto.

Ta uku ita ce kunya. Yarinya mai cikin fari takan ji nauyin ambaton cikinta a gaban surukai, har ma a gaban uwar da ta haife ta. Kunya ado ce, amma ba a wannan wuri ba. Babba ce za ta sauƙaƙa mata. Mu ɗauka yarinya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Bosso. Uwar ta lura tun hantsi tana zaune jugum, hannu a ciki. Sai ta ja ta ɗaki ta tambaye ta a hankali, "'Yar nan, yau kin ji shi kuwa?" Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, tun jiya da dare sau ɗaya na ji." Uwar ba ta ce a jira mijin ya zo daga Suleja ba. Ta ce, "Ɗauko mayafinki da katin awo." A hanya aka buga wa mijin waya. Haka ake so kowace uwa da kowace suruka ta yi.

ABIN DA ZA A YI MIKI A ASIBITI

A Minna akwai Babban Asibitin Minna, da Asibitin Mata da Jarirai na Jummai Babangida Aliyu, da Asibitin Ƙwararru na IBB, ban da ƙananan asibitocin unguwanni da ke cikin ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso. A Bida akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Suleja da Kontagora su ma suna da manyan asibitoci. Tun kina zuwa awo ki tambayi ungozoma inda za ki nufa in abu ya taso da dare, domin ba kowane ƙaramin asibiti ne yake da likitan tiyata da jinin ƙari ba.

In kin isa, kada ki bi layin awo ki yi shiru. Ki gaya wa ma'aikaciyar farko da kika gani, "Malama, ɗana ya rage motsi tun lokaci kaza." Za a tambaye ki watannin cikin da lokacin da kika ji motsi na ƙarshe. Za a auna jininki, a duba zafin jiki da fitsari, a gwada tsawon ciki da tef. Sa'an nan a saurari zuciyar ɗa, ko da ɗan ƙahon nan da ungozoma ke kafawa a ciki ta sa kunne, wanda wani likitan Faransa mai suna Pinard ya ƙirƙiro a shekarar 1895, ko kuwa da injin da ke fito da ƙarar kowa ya ji. Zuciyar lafiyayyen ɗa tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya. Inda akwai kayan aiki, akan ɗaura wa mace wani inji a ciki na minti 20 ko fiye, ya zana tafiyar bugun zuciyar a takarda, akan kuma yi hoton ciki a ga girman ɗa da yawan ruwan da yake kwance a ciki.

Daga nan ɗayan uku ne. Ko a ce lafiya lau, ki koma gida ki ci gaba da lura. Ko a ba ki gado a yi maganin abin da aka gano, kamar zazzaɓi ko hawan jini. Ko kuwa, in an ga ɗa zai fi samun lafiya a waje, a tayar da naƙuda ko a yi tiyata a ciro shi. In likita ya ba da shawarar tiyata, maigida ya sa hannu ba tare da jan lokaci ba. Tiyata ba gazawar mace ba ce.

A sani kuma cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mutumin da ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Ma'aikatan lafiya su ma darasin ya shafe su. Macen da ta zo da maganar raguwar motsi, a karɓe ta da fuska, a duba ta da sauri. Wadda aka yi wa tsawa yau ba za ta dawo gobe ba, maƙwabtanta ma ba za su zo ba.

KWANCIYAR HANKALI A ƘARSHEN CIKI

Kada wannan darasi ya zama abin tsoratarwa. Wajen 70 cikin 100 na matan da suka ji motsi ya ragu sau ɗaya, aka duba su, cikinsu yakan ƙare lafiya ba wata matsala. Wadda ta je aka ce mata lafiya ba ta yi hasarar kuɗin mota ba, ta sayi barcin dare ne da shi.

Akwai kuma abubuwan da kan dami mace a watanni na takwas da tara waɗanda ba na tashin hankali ba ne:

1. Shaƙuwar ɗa, wadda kan ɗauki 'yan mintoci ta wuce.
2. Ciki ya ɗaure ya yi tauri na ɗan lokaci ya saki, ba ciwo mai tsanani, ba kuma a jere ba. Mahaifa ce take shiri. Naƙudar gaskiya tana zuwa a jere, tana ƙara ƙarfi, tana ƙara kusantar juna.
3. Saukar ciki, sa'ad da kan ɗa ya shiga ƙugu. Numfashi yakan yi sauƙi, fitsari ya ƙara yawa.
4. Ƙwarnafi, da ciwon baya, da ɗan kumburin ƙafa da yamma wanda ke sacewa bayan an kwanta.
5. Rashin barci da yawan mafarkin haihuwa, musamman ga mai cikin fari.

Daga mako 28 ki riƙa fara barci a kan gefe, hagu ko dama. Kwanciya rigingine tana sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya, sai jinin da ke zuwa wa ɗa ya ragu. In kin farka kin tarar da kanki rigingine, kada ki damu, ki juya kurum. Matashi tsakanin gwiwoyi yana taimakawa. Ki sha ruwa isasshe, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ki rage aiki mai nauyi, ki ɗan taka da yamma. In damuwa ta yi yawa har ta hana ki ci da barci kwana da kwanaki, ko kina yawan kuka, ki faɗa wa ungozoma. Wannan ma ciwo ne mai magani.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Ban da raguwar motsi, duk mai cikin da ta ga ɗaya daga cikin waɗannan a kai ta asibiti nan da nan: zubar jini komai ƙanƙantarsa, fashewar faya ba naƙuda, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani wanda ba ya saki, numfashi da ƙyar, da kuma naƙuda kafin mako 37.

AIKIN MAIGIDA

Masana sun nuna tun shekarar 1994 cewa jinkiri iri uku ne yake kashe mata masu ciki da 'ya'yansu: jinkirin yanke shawarar tafiya, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu a hannun gida suke. Jihar Neja ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, wasu garuruwanta suna bakin Kogin Kwara da Kogin Kaduna, kuma da damina tafiyar awa ɗaya tana iya zama ta yini. Saboda haka, malam maigida, tun ciki yana wata bakwai ka yi waɗannan:

1. Ka ba iyalinka izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka, cewa in abu ya taso ta tafi asibiti ko ba ka nan.
2. Ka ajiye kuɗin mota da na magani a hannunta.
3. Ka shirya da mai mota ko mai Keke Napep wanda zai amsa waya da dare, ka kuma sami na biyu.
4. Ka nemi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in an bukata.
5. In gidanku yana nesa, ka kai ta wurin dangi a Minna ko wani gari mai babban asibiti kafin watanta ya kama.
6. Kowace rana ka tambaye ta ko ta ji motsi. In ta ce a'a, ka gaskata ta.

AWON CIKI

Lura da motsi ba ya ɗauke awo. Tsakanin shekarar 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 a asibitocin Zariya, aka buga sakamakon a shekarar 1985. Suka ga mutuwar iyaye da jarirai ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci. Bayan shekara wajen arba'in, binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna 57 cikin 100 na matan Nijeriya ne suka je awo sau huɗu ko fiye, 39 cikin 100 kuma suka haihu a asibiti. Da sauran aiki a gabanmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga mai ciki sau takwas: sau ɗaya kafin mako 12 ya wuce, sa'an nan a mako 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. A wurin awo ne za a ba ki ƙwayar ƙarin jini ta kullum, da allurar rigakafin tetanus, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wanda ake farawa daga mako 13, a sha aƙalla sau uku da tazarar wata guda. A nan ne kuma za a gwada jininki da fitsarinki. Ki kwana cikin gidan sauro kowane dare. In kin kai mako 41 ba naƙuda, ki koma asibiti a duba ko za a tayar miki da ita.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

A ajin manya, ko taron mata, ko ranar awo, malami ya yi wa masu sauraro waɗannan tambayoyi:

1. A wane mako mai cikin fari takan fara jin motsi?
2. Shin gaskiya ne ɗa yana rage motsi in haihuwa ta kusa?
3. Minti nawa ɗa yakan yi yana barci a ciki?
4. Mace ta kwanta awa biyu ta ji motsi huɗu kaɗai, ga shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Me za ta yi?
5. Faɗi abubuwa uku da maigida zai shirya tun ciki yana wata bakwai.
6. A unguwarku ko ƙauyenku, wane asibiti ne yake karɓar masu ciki da dare, wa zai kai ku, kuma nawa ne kuɗin motar?

Gidan da bai san amsar tambaya ta shida ba, ya nemo ta a cikin wannan mako. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya abin da suka haifa.